Littafin aikin jan kuran zuwa gareji don ɗumama tsohon man suya

Asabar 16 Nuwamba 2024

Na fara wannan rubutun ne don kar lissafi ya ɓace min, kuma ko wani mai injin niƙa irina zai amfana. Nufina in riƙa ba injin tsohon man suya a madadin wani kason gazuwal, wato man dizal. Injina mai silinda guda ne irin na Indiya, yana shan gazuwal wajen lita 6 a yini in akwai aiki, wato kusan lita 150 a wata. Tun watan Yuli da aka rage kuɗin mai litar gazuwal ta dawo 618 daga 668, alhamdulillahi, amma ko a haka ka buga ka gani, sama da jaka 90 ke tafiya kowane wata, ga matatar SORAZ nan kan hanyar Tanut tun 2011 tana tace mai amma mai niƙa bai daina ƙirga lita ba. Mata kuma ba su son a ƙara musu ko dala a tiyar hatsi, kuma ban ga laifinsu ba.

Wata uku kenan ina tara baƙin man da masu suyar kifi da kaji da wasu gidajen abinci biyu suka gama da shi. Samunsa ba sauƙi don a nan Damagaram mai ƙosai ba ta zubar da mai, ƙarawa take har ya ƙare a kasko, wanda nake samu shi ne wanda ya yi baƙi ƙirin da in ban saya ba wani zai saya ya sake soya ma mutane abinci da shi, wannan ma na cikin abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa. Bido mai lita 25 ina biyan jaka 4. Yanzu ina da bido 6.

Injin gazuwal yana cin man girki, ba sabon abu ba ne, tun 1900 a baje kolin birnin Faris aka tada ƙaramin injin dizal da man gyaɗa zalla, mu da Matamaye da Magariya masu noman gyaɗa ke bayanmu ai bai kamata ya ba mu mamaki ba. Matsalar biyu ce: kauri da ruwa. Man girki ya fi gazuwal kauri wajen sau goma, ga ruwa da gishiri da ɓurɓushin suya a ciki, in suka shiga pompon inji sun kashe shi. Sai an ɗumama shi ruwan ya kwanta ƙasa sannan a tace. Itace da gawayi ban yarda da su ba kusa da tano cike da mai, kuran, wato wutar lantarki, nake so, a garejin bayan gida inda tsohuwar motar Baba take a da.

Alhamis 21 Nuwamba

Kasuwar Dole. Tano na ƙarfe mai lita 200 jaka 12, rezistans, wato ƙarfen da kuran ke zafafawa, irin ta shofo da ke ɗumama ruwan wanka, mai wat 3000 jaka 7 da rabi. Na kai ma mai walda ya huda min gefe ya sa mazaunin rezistans da robine biyu, guda can gindi don fidda ruwa, guda sama da shi kaɗan don ɗibar mai. Jaka 8. Kafin ya sa wuta sai da muka wanke tanon muka cika shi da ruwa, don tano da ba ka san me ya taɓa ɗauka ba ba a kai mishi walda haka nan.

Lahadi 24 Nuwamba

Gwajin farko bai yi ba, kuma gara da bai yi ba. Na zuba lita 100, na haɗa rezistans da priz guda da ke garejin, ko minti huɗu ba a yi ba gidan duka ya ɗauke. Na je na tada dijantar na kontar, abin da ƴan Najeriya ke ce ma bireka, na ce a kashe firij da tele, na sake kunnawa. Wannan karon ya riƙe, amma da na taɓa wayar da ta bi bango ta shigo garejin bayan minti ashirin sai na ji ta yi zafi har robar ta yi laushi, fish ɗin kuma na wari. Nan take na zare. Maman yara ta fito ta ce Malam, don Allah in wannan abu zai ƙona mu ka bar shi, na ce mata ba zan sake kunnawa ba sai mai kuran ya zo ya duba, kuma haka za a yi.

Talata 26 Nuwamba

Mai kuran ya zo bayan la'asar, dattijo ne da ya daɗe a aikin, shi ya yi ma maƙwabcina gida. Bai ko kalli tanon ba da farko, kontar ya fara zuwa. Ya ce Alhaji kontar ɗinka na kilowat 3 ne, dijantar ɗinsa ampar 15, duk abin da za ka yi a cikin wannan 15 ɗin za ka yi shi. Muka zauna kan tabarma da biro da bayan kwali, ga abin da na koya, zan rubuta shi dalla-dalla don shi ne ƙashin bayan aikin.

Ampar shi ne wat a raba da bolt. 3000 a raba da 220 ya ba da 13,6. Gidan kansa da firij da tele da ƙwayayen fitila yana jan 3 zuwa 4 ko da ba a kunna fanka ba, in aka sa dutsen guga ƙarin 5 ne. To ka ga 13,6 da 4 sun wuce 15, shi ya sa ya faɗi. Wannan na farko.

Na biyu waya. Wadda ta je gareji mai 1,5 ce, wato kaurin jan ƙarfen ciki a milimita murabba'i, an ja ta ne don ƙwan fitila guda. Muka auna da igiya, daga kontar zuwa inda tano yake mita 32, kuma kuran zuwa yake ya dawo, saboda haka 64 ake lissafawa. Ya nuna min yadda ake gane bolt nawa ke zubewa a hanya: tsawon zuwa da dawowa sau ampar sau 0,0225 a raba da kaurin waya. A mai 1,5 da ampar 13,6 bolt 13 ke ɓacewa, ƙa'ida kuwa kar ya wuce kashi 5 cikin ɗari, wato bolt 11 a kan 220. Kuma wannan bolt 13 ɗin ba iska yake bi ba, zafi yake zama a cikin wayar, 13 sau 13,6 ya kusa wat 180, kamar ka kunna ƙaramar rezistans a jikin bangonka. Shi ne abin da hannuna ya ji ran Lahadi. A mai 2,5 bolt kusan 8 ne, a mai 4 bolt 5.

Na uku shi ne wanda ban taɓa tunani ba, zafin garinmu. Ya ce lambobin da ke littafi an yi su ne a kan zafin digiri 30. Mai 1,5 a cikin gen, wato bututun robar da waya ke bi, tana ɗaukar ampar 17,5, mai 2,5 tana ɗaukar 24, mai 4 tana ɗaukar 32. Amma in zafin wurin ya kai 40 sai ka buga da 0,87, in 45 ne 0,79, in 50 ne 0,71. Wayata kuwa ƙarƙashin kwanon rumfa za ta bi, duk wanda ya san Afrilu da Mayu a Zinder ya san ƙarƙashin kwano da azahar ya wuce 50. Ke nan mai 1,5 ta koma ampar 12, mai 2,5 ta koma 17, mai 4 ta koma kusan 23. Ya ce yanzu sanyi ne ya rufa maka asiri, da a bazara ka yi wannan gwajin da labari ya sha bamban. Ya ƙara da cewa rezistans ba kamar dutsen guga ba ce da ke kamawa tana saki, awa biyu uku take ja ba hutu, don haka ba a cika ma waya ciki, ana bar mata sarari.

Na tambaye shi ko in je kamfanin kuran in nemi a ɗaga ni zuwa kilowat 6. Ya ce kar in yi gaggawa, mu fara lissafa zafin da man ke buƙata. Lita 100 kilo 92 ce, kowane kilo na son kilojul 2 kafin ya hau digiri guda, rabin abin da ruwa ke so ke nan ko ƙasa da haka. Daga 20 zuwa 60 hawa 40 ne, 92 sau 2 sau 40 ya ba da 7360, a raba da 3600, kilowat 2 da ɗan ɗoriya irin wanda kontar ke ƙirgawa, wato kilowat-awa. Iyakarta ke nan. Rezistans mai 2000 za ta yi shi cikin awa guda da wani abu, to me ya kai ni 3000?

Mun tsaya a kan: waya mai 4 daga kontar zuwa gareji ko da ya ɗan fi buƙata, don ba na son sake fasa bango in gaba na ƙara kontar, kofre, wato akwatin dijantar, a garejin, diferansiyal mai miliampar 30 da ke yanke kuran in ya zurare, dijantar 16 na rezistans da waya 2,5, dijantar 10 na pompo da fitila da waya 1,5, da ƙarfen ter, wanda ake kafawa a ƙasa don kuran da ya zurare ya bi.

Asabar 30 Nuwamba

An sayar min da wayar banza. An rubuta 4 a jikin naɗin, kuɗinta jaka 24, na ji daɗin arha na kawo gida. Mai kuran na ɗaga ta ya ce ba nauyi. Ya fere baki ya kankare silin da wuƙa sai ga fari a ciki, aluminiyom ne aka shafa ma jan ƙarfe a sama, ya sa ashana silin ya lanƙwashe ya zube, na gaske ja yake yi ya tsaya. Ya ce mita 100 na mai 4 jan ƙarfen ciki kaɗai ya fi kilo 3 da rabi, da roba ya kusa 5, muka ɗora wannan a sikelin mai shago ko 2 da rabi bai cika ba. Aluminiyom yana tare kuran fiye da jan ƙarfe da wajen rabi da wani abu, kuma a bakin sukuru yake saki ya yi zafi. Duk lissafin da muka yi ran Talata da ya tashi a banza.

Na mayar, an sha magana, sai da wani dattijo a layin ya sa baki aka ba ni kuɗina. Na sayi ta gaske a wani shago jaka 42, a gabansa na kankare na kuma auna. Duk mai sayen waya ya tafi da wuƙa a aljihu.

Alhamis 5 Disamba

Gen jaka 7, kofre da dijantar uku da diferansiyal jaka 31, guntayen waya 2,5 da 1,5 jaka 6. An ja waya an gama kafin magariba. Na uku ɗin mai ampar 20 ne a bakin kontar inda sabon layin ya tashi.

Lahadi 8 Disamba

Ter ya ba mu wahala. Gidanmu kan dutse yake kamar rabin garin nan, ƙarfen ya shiga taƙi biyu ya tsaya cak, muka canza wuri sau uku guduma na dawowa. Daga ƙarshe muka koma bayan makewayi inda ruwan wanka ke bi, nan ne kaɗai ƙasa ke da danshi duk shekara, yara suka haƙa rami har ƙugu, muka kafa ƙarfen muka zuba garin gawayi da jar ƙasa muka jiƙa. Wasu na zuba gishiri, mai kuran ya ce gishiri na cin ƙarfen cikin ƴan shekaru, bai sa ba.

Na ce mishi Malam tunda akwai dijantar me ya sa sai mun sha wannan wahalar? Ya ce dijantar waya yake tsaro, ba mutum ba. In rezistans ta tsage a ciki kuran ya hau jikin tano, dijantar 16 ba zai ji komai ba, kai da ka dafa tanon da ƙafa a ƙasa kai ne hanyar. Diferansiyal shi ke ganin abin da ya fita bai dawo ba ya yanke, ter kuma shi ke ba kuran hanyar gudu tun kafin hannu ya kai. Ya ɗaure jikin tanon da na pompo duka da wayar ter, ya gwada da ƙwan fitila tsakanin faz, wato wayar da ke kawo kuran, da ter, diferansiyal ya faɗi tak. Ya ce in riƙa danna maɓallin gwajinsa duk wata, in kuma riƙa zuba ma ramin ruwa da rani. Ƙarfe da wayarsa jaka 9, hannunsa gaba ɗaya jaka 20, kuma wallahi ya ci halak ɗinsa.

Laraba 11 Disamba

Rezistans mai 2000 jaka 6 da rabi, termosta, mai yanke kuran in zafi ya kai, jaka 5. Mun auna rezistans ɗin om 26 da ɗan ɗoriya, wato awon yadda take tare kuran, an rubuta bolt 230 a jikinta. Da abin awonsa mai baki kamar na kunama mai kuran ya kama waya, ampar 8,3. Bolt a kontar 219, a gareji 216. Waya sanyi ƙalau bayan awa guda.

Asabar 14 Disamba

Wayar ta yi, man ne bai yi ba. Da safe sanyi ya sa rabin man ya daskare ya yi fari kamar man shanu, mafi yawansa irin man bido ne na kwakwar manja da ake shigowa da shi, ba ya son hunturu. Na kunna, bayan kamar minti goma sai na fara jin tas tas tas a cikin tanon kamar ana jifan kwano da tsakuwa, can sai bum guda mai ƙarfi har murfin ya motsa. Na kashe daga kofre na fita waje ƙirjina na bugawa.

Abin da ya faru, mai walda ya sa mazaunin rezistans yatsa huɗu daga gindi kamar yadda na ce mishi, ruwa da dauɗa kuwa nan suke taruwa. Rezistans na zaune cikin ruwan da mai ya danne, ruwan ya tafasa tururi ya nemi hanya ta cikin mai. Da tanon a cike yake da ya watso min mai mai zafi. Kuma da na zare ta bayan ta huce sai na ga ta yi baƙin ɓawo kamar gindin tukunya, kwana uku kacal. Rezistans ɗin shofo don ruwa aka yi ta, ruwa na kwashe zafi da sauri, mai kuwa mai kauri ne ba ya motsi, sai wanda ke manne da ita ya ƙone alhali termosta can gefe na cewa 35.

Wasu na cewa a kai man sama da digiri 100 ruwan ya ƙone gaba ɗaya. Ni ban bi wannan ba. Kowace litar ruwa sai ta ci fiye da rabin kilowat kafin ta zama tururi, ban da hawan man kansa zuwa 100, ga haɗarin da na gani da idona yau. A kai shi 55 ko 60 ya tsinke, a rufe a bar shi ya huce a hankali kwana biyu uku, ruwa da gishiri su sauka da kansu a buɗe robinen gindi, ya fi min kwanciyar hankali.

Laraba 18 Disamba

Ranar hutun Jamhuriya, ban buɗe niƙa da safe ba. Na kankare rezistans, na zubar da ruwan gindi wajen lita 7 baƙi mai wari, na sake ɗumamawa ina juyawa da sanda. Ba ƙara.

Lahadi 22 Disamba

Yau ce rana mafi muni. Na tafi jana'iza a Garin Malam na bar tanon a kunne, na ce ma babban yarona in ya kai 60 ya kashe. Shi kuma don ya taimake ni sai ya fara ɗibar man yana tacewa tun bai kashe ba, man ya sauka ƙasa da rezistans, ta fito fili ta yi ja, man da ke jikinta ya kama hayaƙi. Allah ya sa ya tuna abin da na faɗa mishi, ya ruga kofre ya kashe ya mayar da murfi ya danne, bai zuba ruwa ba. Da ya zuba ruwa da yanzu wani zance ake. Rezistans ta tsage ta mutu, diferansiyal ma ya riga shi faɗuwa.

Na same shi zaune bakin ƙofa jiki na rawa, ya ce Baba ka yafe min. Na ce ba laifinka ba ne, ni na ƙera abin da hannu guda zai iya kai shi ga haka. Robinen ɗiba da ke ƙasa da rezistans kuskure ne tun daga zane. Daren nan ban yi barci sosai ba, na yi tunanin barin aikin gaba ɗaya, ɗakin yara bango guda ne ya raba shi da garejin.

Asabar 28 Disamba

Mai kuran ya dawo, na zayyana mishi komai, ya yi shiru can ya ce mu sayi mai 2000 guda biyu mu haɗa su a jere, wato kuran ya bi ta farko ya shiga ta biyu sannan ya dawo. Na ce ai 4000 ke nan kontar ba zai ɗauka ba, ya ce a'a, akasin haka. Om 26 da ɗan ɗoriya sau biyu sun zama kusan 53, 220 a raba da 53 ampar 4,2, duka biyun wat 915. Kowace bolt 110 take gani, in kuwa bolt ya ragu rabi zafi kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, saboda haka fatar kowace rezistans ba za ta yi zafin da zai ƙona mai ba. Zafi kaɗan a kan ƙarfe mai yawa, abin da mai ke so ke nan. Kuma ampar 4 da na gida 4 da dutsen guga 5 duka suna ƙarƙashin 15, ba sai na riƙa aika yaro cikin gida a kashe wannan a kashe wancan ba, zancen ƙarin kontar ma ya mutu.

Mun mayar da tanon wurin walda bayan wanki uku da toka da omo da cika shi da ruwa. An toshe tsohon rami, sababbin mazauni biyu santimita 15 daga gindi, robinen ɗiba a 22. Ko an buɗe shi an manta, lita wajen 55 za ta rage ta rufe rezistans. Termosta mun mayar da shi dab da saman rezistans. Ba fish ba priz kuma, wayar ta shiga akwatin ƙarfe kai tsaye an ɗaure da sukuru, don wanda ya yi wari ran farko da muka buɗe shi cikinsa ya narke. Rezistans biyu jaka 13, walda jaka 4. Na sayi abin kashe gobara mai hoda jaka 15, da bokitin yashi biyu bakin ƙofa.

Asabar 4 Janairu 2025

Lita 150 a ciki, safiya 19 a ma'auni. A takarda kilowat 3 ne, awa uku da minti ashirin. A zahiri awa shida bai wuce 52 ba, iskar hunturu na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa tana kwashe zafin jikin tanon kamar yadda ake zuba shi. Ƙaramar wuta ba ta yi sai da sutura.

Alhamis 9 Janairu

Na samo audugar gilashi daga tsofaffin shofo biyu wurin masu gwangwan, kyauta suka ba ni, na naɗe tanon har murfi na rufe da falle kwano na ɗaure da waya, na ɗora shi kan katako ya bar siminti. Bargo da buhu na so sawa, mai kuran ya hana, kuma da gaskiyarsa, tsumman da ya sha man girki in aka tara shi wuri guda yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta ba ashana. Tun daga nan tsummokaran goge hannu a gwangwani mai murfi nake sa su a waje.

Sakamako: 20 zuwa 60 cikin awa huɗu da kwata. Washegari da safe yana 47. Wani abin da na lura, da yamma in unguwa ta kunna kaya bolt na sauka wajen 200, a nan wat ɗina 750 ne kawai, don haka da hantsi nake kunnawa.

Lahadi 12 Janairu

Pompon kuran na gwanjo mai rabin doki jaka 18, gidan filta da filta biyu jaka 9. Yana jan ampar 2 da rabi, in zai tashi yana fizgar fiye da haka amma dijantar 10 bai faɗi ba. Man na bi ta ƙyallen tsohon wandon jins tukuna, sai filta mai mikron 10, sai mai 5, kuma da ɗuminsa, in ya huce ba ya wucewa.

Asabar 18 Janairu

Gwajin kasko. Na ɗora kasko ya yi zafi na zuba cokali guda na man da ya kwana uku, ba kumfa ba tartsatsi, lif. Wanda ban ɗumama ba da na zuba sai ƙara kamar an sa ɗanyen kifi. Lita 92 na samu mai kalar shayi.

Na fara da kashi 3 mai, kashi 7 gazuwal. Injin ya tashi ya yi yininsa, hayaƙin na ƙamshin suya har wata tsohuwa da ta kawo dawa ta ce ɗana yau ƙosai kake niƙawa?

Asabar 25 Janairu

Sati guda a kan rabi da rabi. Ƙarfi ya ɗan ragu in an sa masara, kuma yana ɗan ƙara sha, dama litar man girki ba ta kai ta gazuwal ƙarfi ba. Da safe da gazuwal zalla nake tadawa daga ƙaramin galan, in ya yi zafi in juya robine, kafin kashewa da minti goma in mayar da shi gazuwal don kar man ya kwana a pompo ya daskare. Baƙin man inji zan riƙa canzawa a rabin lokacin da na saba, don man girki in ya sulala ciki yana mai da shi kamar ƙaro.

Lissafi zuwa yau: duk abin da na kashe jaka 213, har da rezistans mai 3000 da ke ajiye da wadda ta ƙone. Kuran na kowane zubi da pompo bai kai kilowat 5 ba, wajen sefa 500, wato ƙasa da sefa 6 a lita, abin da na fi tsoro tun farko shi ne ya fi komai arha. Da sayen mai da abin da ke zubewa a dauɗa da filta litar ta tsaya min wajen 230. In na samu lita 90 a wata jaka 30 da wani abu ke ragewa, cikin wata shida ko bakwai kuɗin sun dawo in inji bai ba da matsala ba.

Abin da ke gaba: sati mai zuwa zan cire inzektar, mai fesa mai cikin silinda, in duba bakinsa ko ya tara gawayi kafin in ƙara kason mai. Mai walda zai lanƙwasa min bututun baƙin ƙarfe ya bi jikin salansa don man ya kai 70 kafin ya shiga pompo, ba na jan ƙarfe ba don yana ɓata man girki. Zan shafa ma bido huɗu baƙin fenti in jera su a rana, daga Maris ina sa ran rana kaɗai za ta yi rabin aikin rezistans. Mai kuran zai dawo tsakiyar Afrilu da azahar mu taɓa wayar ƙarƙashin kwano mu sake ɗaure sukurorin kofre. Azumi kuma saura wata guda da ƴan kwanaki, suya za ta yi yawa, na riga na yi magana da masu kifi uku a Zango su ajiye min, sai in nemo ƙarin bido.